Tarihihin Baƙon Gabas da Tasirinsa a Kan Tunanin Zamani: Misali Daga Ƙasar Sakkwato

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bi sawun wani tsohon labari, wato labarin baƙon da ya fito daga gabas ya zo ya kafa sarauta, mu ga yadda ya fita daga bakin maroƙa da 'yan fada ya shiga littattafan masana, daga can kuma ya zarce ofishin gwamna da na masu tsara tattalin arziki. Mun ɗauki ƙasar Sakkwato ta zama wurin misali domin a nan ne aka rubuta ɗaya daga cikin tsofaffin ruwayoyin labarin, kuma mutanen wannan yanki ne aka bai wa kaso mafi muni a cikinsa.

Kafin mu shiga cikin batun, ya kamata mu bambanta kalmomi. Tatsuniya, wadda Sakkwatawa ke kira gatana, ba ta yaudarar kowa, don da dare ake yin ta, kuma mai yin ta da kanta takan rufe da cewa ƙarya ta yi. Tarihi kuwa abin da ya auku ne, wanda ake iya kafa masa hujja. Tsakanin waɗannan biyu akwai abin da malaman adabi ke kira tarihihi: labari ne mai ɗauke da sunayen garuruwa da sarakuna na gaskiya, manya ke ba da shi da rana tsaka a gaban sarki, saboda haka ake gaskata shi. Aikinsa shi ne ya bayyana wane ne mai gari, wane ne ɗan'uwa, wane ne bare. Da irin wannan labari za mu yi hulɗa a nan.

Bawo a bakin Daurawa, Bawo a alƙalamin Bello

Kowa a wannan zaure ya san labarin, don haka a gurguje za mu wuce. Bayajida ɗan sarkin Bagadaza ya sauka Borno, ya auri 'yar Mai, ya gudo yamma ya bar ta a Garun Gabas, maƙeran Gaya suka ƙera masa takobi, ya isa Daura da dare ya kashe macijiyar da ta hana mutane ɗibar ruwa a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a. Ya auri Daurama ta haifi Bawo, 'ya'yan Bawo shida suka mallaki Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano, aka haɗa da Biram suka zama Hausa Bakwai. Ƙwarƙwarar da aka ba shi, wato Bagwariya, ta haifi Karbagari, daga gare shi aka sami Banza Bakwai, waɗanda aka fi lissafawa da Zamfara da Kabi da Yawuri da Nufe da Gwari da ƙasar Yarabawa da Kwararrafa.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne yadda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kawo labarin a cikin Infaƙul Maisuri, wanda ya gama a shekarar 1812, shekara uku bayan gina birnin Sakkwato. A wurin Bello, Bawo bawan Sarkin Borno ne, kuma daga gare shi sarakunan waɗannan ƙasashe suka fito. Ya ƙara da wata ruwaya da ya samo daga Sarkin Agadas Muhammadu Baƙiri, mai cewa Gobirawa su kaɗai ne 'ya'ya, domin asalinsu Kibɗawan Misira ne. To, ga mutum ɗaya, suna ɗaya, amma a Daura jikan sarkin Bagadaza ne, a Sakkwato kuwa bawan Borno. Ba mu ce Bello ya ƙaga ba, shi ya rubuta abin da ya ji ne, ya kuma ambaci wanda ya gaya masa. Amma mai nazari ba zai kasa lura ba cewa a daidai wannan lokaci Bello na musayar wasiƙu masu zafi da Shehu Laminu na Borno a kan halascin jihadi, kuma gidajen sarautar da aka kora suna can suna jiran ranar komowa: Katsinawa suka ƙare a Maraɗi, Gobirawa a Tsibiri, Zagezagi a Abuja, wadda yau ake kira Suleja, Daurawa a Zango da Ɓaure. Ga waɗannan gidaje, labarin kaka ɗaya mai daraja takardar gado ce. Ga wanda ya kore su kuwa, ruwayar bawa ta fi daɗin ji.

Yanzu mu dubi kalmar banza. Duk malamin da ya tsaya gaban aji a Sakkwato, ko a Gidan Dare ne ko a Kware ko a Wamakko, ya rubuta Banza Bakwai a allo, yana gaya wa da yawa daga cikin yaran da ke gabansa, 'ya'yan Kabawa da Zamfarawa, cewa kakanninsu 'ya'yan ƙwarƙwara ne, Hausarsu kuma ta aro ce. Me tarihi ya ce? A farkon ƙarni na 16 Kanta na Kabi ya ɓalle daga Askiya Muhammadu na Songhai, ya gina Surame, wadda kufanta da ganuwarta ta duwatsu ke nan yamma da Sakkwato har yau, ya kuma kara da rundunar Borno. Zamfara ta yi zamaninta kafin Sarkin Gobir Babari ya rushe birninta a tsakiyar ƙarni na 18 ya kafa Alƙalawa a ƙasarta. Harshe ma ya ƙi ba da shaida. Tun a 1928 Bajamushen nan Klingenheben ya nuna cewa inda Bakano ke cewa zauna da aure da sauka da auduga, tsohuwar siga ita ce wadda ta rage a bakin mutanen yamma, wato zamna da amre da sabka da abduga. Ashe waɗanda aka ce Hausarsu ta banza ce, su ne suka riƙe waɗannan kalmomi yadda kaka da kakanni suka faɗe su.

Yadda labarin ya je Turai ya komo da sabuwar riga

A watan Maris 1824 Baturen Ingila Clapperton, wanda ya kira kansa Abdullahi, ya sauka Sakkwato. Ya koma gida da taswira da wani yanki na Infaƙul Maisuri, aka fassara aka buga a Landan a 1826. Daga nan maganar Kibɗawa ta shiga hannun Turawa, haka kuma maganar Bello cewa Yarabawa zuriyar Kan'ana ne, mutanen Namarudu. Samuel Johnson, limamin Kirista Bayarabe, ya kafa hujja da wannan fassara a littafinsa na tarihin Yarabawa da aka buga a 1921. Abin lura ne ƙwarai: magana ta tashi daga Sakkwato, ta ratsa Landan, ta sauka Oyo, ta zama tubalin ginin labarin Oduduwa a rubuce, wanda da sunansa aka kafa ƙungiyar da ta haifi jam'iyyar Awolowo a 1951.

Turawa kuwa sun zo da nasu tarihihin a cikin jaka. Shekaru aru-aru ana kafa hujja da labarin la'anar Hamu ɗan Annabi Nuhu don halatta bautar da baƙar fata, ko da yake Ibn Khaldun ya ƙaryata cewa la'ana ce ta kawo baƙin jiki tun a 1377, Ahmad Baba na Tumbutu kuma ya bi sawunsa a 1615, har ya lissafa Kano da Katsina da Gobir da Borno cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a bautar da mutanensu ba. Bayan da Napoleon ya shiga Misira a 1798, Turawa suka ga gine-ginen Fir'aunoni, sai abin ya dame su: yaya 'ya'yan la'anannen za su gina irin wannan? Maimakon a jefar da labarin, sai aka juya shi. Aka ce Hamawa reshe ne na farar fata, makiyaya ne masu kaifin basira da suka kwararo Afirka daga arewa maso gabas, kuma duk inda aka ga birni ko sarauta ko ƙira ko rubutu a ƙasar baƙar fata, to, sawunsu ne. Speke ya faɗi haka game da sarakunan yankin manyan tafkuna a 1863. Meinhof ya sa wa ra'ayin rigar ilmin harshe a 1912, inda ya jera Hausa da Fulatanci cikin harsunan Hamawa. Seligman ya sa masa rigar ilmin jinsin ɗan Adam a 1930, littafinsa kuma ya daɗe ana karanta shi a jami'o'i.

Nan ne ruwa biyu suka haɗu. Da H.R. Palmer, wanda ya fassara Tarihin Kano a 1908 ya kuma zama shugaban Lardunan Arewa daga 1925 zuwa 1930, ya tarar da Bayajida a Daura, da Saifu ɗan Zi Yazana na Yaman a Borno, da Kisra a Bargu, da Uƙuba a bakin Fulani, sai ya ɗauka ya sami shaidun ra'ayin Hamawa daga bakin mutanen ƙasa da kansu. Bai tsaya ya tambayi abin da ya sa kowane gidan sarauta na Musulmi ke son jingina kansa da gabas ba, alhali amsar a fili take, can ne alƙibla, can ne mafitar Manzo da littafi. Sai ya shiga kwatanta sunaye, ya haɗa Bayajida da Abu Yazid, ɗan tawayen Arewacin Afirka da aka kashe a 947, ba don wata hujja mai ƙarfi ba face kamannin lafazi. In da kamannin lafazi hujja ne, da ba a rasa wanda zai ce mutanen Kano da na Kan'ana uwa ɗaya uba ɗaya suke ba.

Rushe wannan gini ya ɗauki lokaci. Greenberg, wanda shi kansa ya yi bincike a kan Maguzawan Kano, ya nuna a rubuce-rubucensa daga 1949 zuwa 1963 cewa babu wani rukunin harsuna da za a kira na Hamawa. Fulatanci ɗan'uwan harsunan Serer da Wolof ne na Senegal. Hausa kuwa tana cikin dangin harsunan Cadi, tare da Bolanci da Badanci da Karekare da Angas, waɗanda duk a nan maƙwabta suke. Gaskiya ne akwai dangantaka ta nesa tsakanin wannan dangi da Larabci da harshen tsohuwar Misira, amma rabuwarsu ta yi shekaru dubbai, alhali Bagadaza a 762 aka gina ta. Masu tonon ƙasa suka kawo tasu gudummawa: matoyar tama a Taruga, ta mutanen Nok, wadda ta girmi haihuwar Annabi Isa da ɗaruruwan shekaru, da alamun aikin tama a Dutsen Dala tun wajen ƙarni na 7. Sa'an nan a 1970 Farfesa Abdullahi Smith ya buga maƙalarsa a kan kafuwar dauloli a ƙasar Hausa, inda ya nuna yadda sarauta ta tsiro daga ciki, daga gida zuwa ƙauye, daga ƙauye zuwa gari, daga gari zuwa birni, a wuraren da ke da tama da ruwa da kasuwa da duwatsun da ake girmamawa. Ya kuma tuna mana abin da labarin da kansa ya faɗa: Bayajida ya tarar da gari da sarauniya da rijiya da maƙera. Yusufu Bala Usman ya bi wannan hanya a bincikensa kan Katsina da aka buga a 1981.

Daga littafi zuwa gadon mulki

Da ra'ayin ya tsaya a jami'a, da sauƙi. Amma ranar 15 ga Maris 1903 sojojin Ingila suka ci Sakkwato a Giginya, kuma ranar 21 ga watan Gwamna Lugga ya tara manyan gari ya yi jawabi. Gundarin jawabin shi ne, Fulani a ƙarƙashin Ɗanfodiyo sun ci ƙasar nan da yaƙi, suka sami ikon naɗa sarki da aza haraji, yanzu kuma an ci su, don haka ikon ya koma hannun Ingila. Wato Lugga ya mai da jihadi labarin baƙo ya ci 'yan ƙasa, domin shi ma ya zauna a matsayin baƙo na gaba a jerin. A kan wannan fahimta aka gina mulkin Turawa ta hannun sarakuna, da ɗaukar cewa akwai jinsin da aka halitta don mulki, har aka miƙa wa wasu sarakuna al'ummomin da ba su taɓa ci da yaƙi ba.

Ba mu musun cewa mafi yawan waɗanda suka karɓi tuta Fulani ne, kuma bayan nasara sarauta ta taru a gidajensu. Wannan gaskiya ce, wanda ya ɓoye ta shi ma tarihihi yake ginawa. Amma wanda ya karanta Kitabul Farƙi zai ga ƙorafin Shehu a kan jangali ne da kuɗin gari da gaisuwar da ake kai wa mahukunta da ƙwace dukiyar talakawa. Shehu ya yi shekaru yana wa'azi a ƙasar Zamfara da Hausa da Fulatanci. Rikicin da ya kai ga hijira zuwa Gudu a 1804 ya taso ne daga harin da aka kai wa jama'ar Abdussalami a Gimbana, shi kuwa Ba'are ne. Yakubun Bauchi ba Bafillace ba ne. A Tabkin Kwatto akwai Hausawa a bayan tutar Shehu, akwai kuma Fulani da Azbinawa a rundunar Yunfa. Shi Abdussalami ɗin daga baya ya yi tawaye a Kware aka kashe shi a 1818, kuma cikin abin da ya yi kuka da shi akwai rabon ƙasa da muƙamai, abin da ke nuna cewa maganar ta fi ƙarfin a taƙaita ta da kalma ɗaya, ko ta addini ko ta ƙabila.

Me ya sa wannan ya dame mu yau? A Ruwanda, Turawan Beljiyam sun ɗauki Tutsi a matsayin Hamawa baƙi, suka rubuta ƙabilar kowa a katin shaida a shekarun 1930, kuma a 1994 masu kisan kiyashi suka yi ta faɗin cewa baƙi ne ake mayarwa inda suka fito. Ba mu ce ƙasarmu Ruwanda ce ba. Amma tun da rikicin 'yan bindiga ya ɓarke a Zamfara wajen 2011 ya kuma malalo gabashin Sakkwato, ƙasashen Isa da Sabon Birni, mun ji yadda ake ta fassara shi da harshen 1903, wai tsohon yaƙin baƙo da ɗan ƙasa ne ya dawo. Wannan fassara tana rufe ido daga burtalin da aka nome, da dajin kiwo da aka raba wa masu hali, da shari'ar da aka sayar, da zinariya, da bindigogin da ke ratso iyaka. Waɗannan kuwa abubuwa ne da hukuma ke iya gyarawa, sabanin asalin jini, wanda babu mai iya gyara shi.

Kasuwa da fadama

Masana tattalin arziki ma suna da nasu labarin asali. Adam Smith ya rubuta a 1776 cewa da can mutane musayar kaya suke yi, mai nama ya nemi mai burodi, har wahala ta sa aka ƙago kuɗi. Masu nazarin al'ummomi sun yi ta nema ba su sami wata al'umma da ta rayu a kan irin wannan musaya tsantsa ba, amma labarin na nan a babin farko na littattafan da muke koyarwa, kuma da shi aka auna mu aka ce noman ci kawai muka sani. Alhali kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce, wurin kuwa daga tsibiran Maldib na tekun Indiya ake kawo shi, ana lissafa shi da zambar da keso. Barth, wanda aka sani da Abdulkarimu, ya tarar a Kano a 1851 ana canjin riyal ɗaya a kan wuri 2,500, ya kuma ƙiyasta tufafin da Kano ke fitarwa a shekara da aƙalla wuri miliyan 300. Fatar jan akuyar Sakkwato ta daɗe tana ratsa Sahara, Turawa na saye da sunan fatar Maroko. Ko da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1912, Turawa auduga suka sa rai, amma manoma da fatake irin su Alhassan Ɗantata suka yi nasu lissafin suka ga gyaɗa ta fi riba, kuma gyaɗar aka yi.

Duk da haka, zaton cewa mutanen ƙasa suna zaune kusa da ruwa ba su san yadda za su ɗiba ba sai baƙo ya zo, bai mutu ba, kuma samun 'yancin kai bai kashe shi ba, don 'yan ƙasa ne suka gaje shi. Misali mafi kusa da mu shi ne madatsar ruwan Bakolori a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talata Mafara, wadda a lokacin ke cikin Jihar Sakkwato, tun 1996 kuma take cikin Zamfara. Kamfanin Impresit na Italiya ya yi aikin, aka gama madatsar a 1978. A idon masu tsarin, ambaliyar da gulbi ke yi kowace damina ɓarnar ruwa ce, sai a tare shi a yi noman alkama da shinkafa na zamani. Amma wannan ambaliya ita ce ran fadama tun daga Mafara har gaba da Sakkwato. Da ita ake noman shinkafa da damina, danshin da ta bari ake noman rani na albasa da sauran kayan lambu, tafkunan da ta cika ake su, ciyawar da ta tsirar kuma dabbobi ke ci da bazara. Tsari ne cikakke, mai lissafi, wanda aka gada shekaru aru-aru, sai dai ba a rubuce yake ba, don haka bai shiga lissafin masu tsara aikin yadda ya kamata ba.

Dubban mutane ruwa ya ci gidajensu da gonakinsu. Waɗanda ke cikin filin ban ruwa aka hana su shuka ana baje ƙasa, aka sare itatuwan amfaninsu, diyya kuma ta zo a makare ko ba ta zo ba. Manoma suka tare hanyoyin aiki, kuma a ƙarshen watan Afrilu 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Gwamnati ta ba da adadi kaɗan na waɗanda suka mutu, masu bincike kuwa sun lissafa ɗaruruwa. Binciken da W.M. Adams ya yi a ƙauyukan da ke ƙasa da madatsar, wanda aka buga a 1985, ya nuna cewa da ambaliya ta ragu, dubban kadada sun fita daga noman shinkafa sun koma gero da dawa, noman rani ya ja baya saboda ruwan ƙasa ya yi nisa, masunta da yawa kuma suka naɗe komarsu suka tafi cin rani.